Rediyon tauraron ɗan'adam a fagen daga: yadda yake aiki da matsayin Libreville a ciki

Tsakanin Libreville da Bangui akwai tazarar kusan kilomita 1,100, kuma mafi yawanta kurmi ne. A ranar 5 ga Disamban 2013, lokacin da Faransa ta ƙaddamar da farmakin Sangaris a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Janar Francisco Soriano aka ɗora a kansa, wanda a lokacin shi ne kwamandan dakarun Faransa da ke Gabon. Daga barikin Camp de Gaulle da ke kusa da filin jirgin saman Libreville aka kwashi wani kaso na sojojin farko. Rundunar da ta yi nisa haka ba za ta jingina da layin wayar ƙasar da ake yaƙi a cikinta ba. Abin da ya riƙe maganarta da Libreville da kuma Paris shi ne tauraron ɗan'adam.

Wannan bayani ya duba mene ne rediyon tauraron ɗan'adam na soja, yadda yake aiki, inda yake da rauni, da kuma inda lamarin ya taɓa farar hula, musamman 'yan kasuwa da matafiya da ke tsallaka iyakoki tsakanin Gabon, Kamaru, Chadi, Nijar da Najeriya.

Me ake nufi da shi?

Tsari ne na sadarwa da runduna ke tafiya da shi duk inda aka tura ta. Maimakon murya ko saƙo ya bi ta turakun kamfanin waya, sai na'urar soja ta harba shi sama, tauraro ya karɓa, ya ƙara masa ƙarfi, ya mayar da shi ƙasa a wani wuri mai nisa. Ana kiransa na tafi-da-gidanka ne saboda kayan ƙasan ba a kafe suke ba: wasu a bayan soja suke, wasu a kan mota, wasu a jirgin ruwa ko jirgin sama.

Tsarin yana da sassa uku. Akwai tauraron da ke sama. Akwai manyan tashoshin ƙasa da ke gida, waɗanda ke sarrafa tauraron, su kuma haɗa shi da shalkwatar soja. Sai ƙananan na'urorin da ke fagen daga. Idan ɗaya daga cikin ukun ya samu matsala, magana ta yanke.

Me ya sa rediyon ƙasa bai wadatar ba?

Sojoji na da rediyo iri biyu tun kafin zuwan tauraro, kuma har yau suna aiki da su.

Na farko shi ne wanda aka fi sani da oba-oba, mai aiki a zangon VHF, tsakanin megahaz 30 zuwa 88 a wajen sojojin ƙasa. Siginarsa miƙe take tafiya, don haka tudu, dutse ko duhuwar itatuwa na iya tare ta. Na hannu 'yan kilomitoci yake kaiwa, na mota ya fi shi nisa, amma a cikin kurmi duka biyun nisansu raguwa yake sosai. A ƙasa irin Gabon, wadda kurmi ya rufe fiye da kashi 80 cikin ɗari na faɗinta, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Na biyu shi ne gajeren zango, wato HF, tsakanin megahaz 3 zuwa 30. Duk wanda ya taso yana sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare ya san shi, kuma da shi tashar Africa N°1 ta riƙa kai muryarta sassan nahiyar daga Moyabi a kudu maso gabashin Gabon tun 1981. Siginar gajeren zango na dukan wani rufi na sararin sama ta dawo ƙasa, shi ya sa take cin dubban kilomitoci. Sai dai mai sauraro ya san halinta: tashar da ta fito rangaɗau da asuba tana iya ɓacewa da rana. Ba ta kuma ɗaukar saƙo mai nauyi. Murya da gajeren rubutu za su wuce, amma taswira mai yawa ko hoton bidiyo daga jirgi maras matuƙi ba za su wuce ba.

Tauraro ya cike wannan giɓi. Nisa ba ya damunsa, dare da rana ɗaya ne a wajensa, kuma yana ɗaukar murya da hoto da bayanan kwamfuta gaba ɗaya.

Falaki biyu, hali biyu

Taurarin sadarwar soja da yawa suna zaune ne a tsayin kilomita 35,786 daidai saman layin Ikwaita. A wannan tsayi, tauraro na kewaya duniya da saurin da duniyar ke juyawa, sai a gan shi kamar a tsaye yake wuri guda. Amfanin haka shi ne a saita farantin eriya sau ɗaya a bar shi. Guda uku ko huɗu sun isa su rufe kusan duk inda mutane ke zaune. Aibinsa shi ne jinkiri: hawa da saukowar sigina na cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, tambaya da amsa kuma kusan rabin daƙiƙa. Shi ya sa masu magana ta irin wannan waya ke yawan cin karo da juna a baki.

Libreville na dab da Ikwaita, don haka tauraron da ke daidai da yankin kusan a tsakar ka yake. Wannan sa'a ce ga sojan da ke cikin kurmi, domin ɗan fili kaɗan da aka sare ya ishe shi ganin sama.

Falaki na biyu shi ne na kusa. Kamfanin Iridium na da taurari 66 da ke aiki a tsayin kusan kilomita 780, na Starlink kuma dubbai ne a tsayin da bai kai haka ba. Waɗannan ba sa tsayawa. Kowane ɗaya wucewa yake cikin 'yan mintoci ya miƙa wa na bayansa. Jinkirinsu kaɗan ne, na'urarsu ta ƙasa ƙarama ce, amma sai an zuba su da yawa kafin su yi amfani.

Zangunan da ake amfani da su

Zangon UHF na soja, tsakanin megahaz 225 zuwa 400, shi ne abokin sojan ƙafa. Eriyarsa ƙarama ce, ana naɗe ta kamar lema, kuma ya fi sauran jure ruwan sama da ganyaye, sai dai saƙon da yake ɗauka kaɗan ne. Tsarin Amurka mai suna MUOS, wanda aka harba taurarinsa biyar tsakanin 2012 da 2016, a wannan zango yake aiki, kuma ɗaya daga cikin manyan tashoshinsa na ƙasa tana Niscemi a tsibirin Sisili na Italiya.

Zangon L, kusa da gigahaz 1.5, shi ne na wayoyin kasuwa irin su Thuraya, Iridium da Inmarsat. Zangon X, tsakanin gigahaz 7 zuwa 8, an fi keɓe shi ga sojoji da gwamnatoci. Zangon Ka, wanda ke tsakanin gigahaz 20 zuwa 30, shi ya fi ɗaukar kaya, amma shi ya fi tsoron ruwa. Ƙa'idar ita ce: duk yadda zango ya ƙara sama, saƙon da yake ɗauka ya ƙaru, juriyarsa ga hadari ta ragu.

Kayan da runduna ke tafiya da su

Mafi ƙanƙanta ita ce wayar hannu mai doguwar eriya, wadda ba ta aiki sai an fito fili. Sai rediyon goyo, wanda soja ɗaya ke ɗauka tare da batiransa. Sai akwatin da ake buɗewa a harhaɗa faranti mai faɗin mita ɗaya ko fiye, a kafa wa kwamanda ofis cikin ɗan lokaci. Akwai kuma na kan mota, wanda eriyarsa ke bin tauraro da kanta yayin da motar ke gudu. A babban sansani ana kafa faranti mai faɗin mitoci da yawa.

A aikace, ba kowane soja ne ke magana da tauraro ba. 'Yan sintiri na magana da junansu ta oba-oba, motar kwamandansu ce ke ɗauke da na'urar da ke haɗa su da sama. Saƙon kuma ana kulle shi da lambobin sirri kafin ya fita. Duk wannan yana cin wuta, shi ya sa janareto, man fetur da batir ke cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko runduna za ta ci gaba da jin umarni.

Libreville da tsarin Syracuse

Sojojin Faransa sun zauna a Gabon bisa yarjejeniyar tsaro ta 1960. A Fabrairun 1964, da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Léon Mba, daga Dakar da Brazzaville aka kawo dakarun da suka mayar da shi mulki. A 1975 aka kafa bataliyar 6e BIMa a Libreville. A watan Mayun 1990, da tarzoma ta ɓarke bayan mutuwar ɗan adawa Joseph Rendjambé, Faransa ta gudanar da farmakin Requin a Libreville da Port-Gentil.

Tsakanin 1964 da 1990 ne sadarwar sojan Faransa ta canja. Tsarinta na tauraro ana kiransa Syracuse. Ya fara a 1984 a matsayin wani sashe na soja da aka ɗora wa tauraron farar hula Télécom 1A. Zubi na biyu ya biyo baya daga 1991. Na uku, Syracuse 3A da 3B, waɗanda aka harba a 2005 da 2006, su ne na farko da suka zama mallakin soja kacokan, kuma a zamaninsu aka yi Serval a Mali a 2013, Sangaris, da Barkhane da ta fara a watan Agustan 2014 da shalkwata a N'Djamena. Na huɗu, 4A da 4B, an harba su a Oktoban 2021 da ranar 5 ga Yulin 2023, na biyun a tashin ƙarshe na rokar Ariane 5. Suna aiki a zangunan X da Ka.

Akwai wata alaƙa da ba kowa ya sani ba. Rokokin Ariane na tashi ne daga Kourou a Guyane ta Kudancin Amurka, su nufi gabas su ƙetara Tekun Atlantika. Tashoshin da ke karɓar bayanan rokar a kan hanya sun haɗa da Natal a Burazil, tsibirin Ascension, Libreville, da Malindi a Kenya. Wato Gabon ta kasance a kan hanyar da ake bi ana kai irin waɗannan taurari mazauninsu.

Yau lamarin ya sauya. Dakarun Faransa sun bar Mali a 2022, Burkina Faso da Nijar a 2023, Chadi a Janairun 2025, sun kuma miƙa sansanoninsu na Côte d'Ivoire da Senegal a cikin 2025. A Gabon adadinsu ya sauko daga kimanin 900 kafin 2014 zuwa kimanin 350 daga baya, kuma Camp de Gaulle ya karkata ga horarwa tare da sojojin Gabon. Amma janye sojoji daga ƙasa bai sauke tauraro daga sama ba.

Sojojin Afirka: wa ke magana da wa?

Libreville ce mazaunin ƙungiyar CEEAC ta ƙasashen tsakiyar Afirka, kuma a nan ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na yankin, UNOCA, yake tun 2011. Sojojin Gabon sun yi shekaru fiye da 20 suna aikin kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Tsakiya: a rundunar MISAB ta 1997, FOMUC ta 2002, MICOPAX ta 2008, MISCA ta 2013, sannan MINUSCA daga 2014 har zuwa Satumban 2021 da aka janye su.

Irin waɗannan rundunonin haɗin gwiwa suna da matsalar da ta wuce nisa. Wannan ƙasa ta sayi rediyonta a Faransa, waccan a Amurka ko Sin, kowace da tsarin lambobin sirrinta, ga kuma bambancin Faransanci da Ingilishi. Bataliya biyu na iya zama a gari ɗaya su kasa kiran juna. Don magance haka ne rundunar Amurka mai kula da Afirka ta ɗauki nauyin atisayen sadarwa mai suna Africa Endeavor. An yi shi a Abuja a 2008, a Libreville a 2009 tare da ƙasashen Afirka fiye da 20, sannan a Accra a 2010 da Douala a 2012. Aikin da ake yi a wurin shi ne gwada na'urar wannan ƙasa da ta waccan, a rubuta wadda ta ji wadda.

Idan runduna ta shiga ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ta hau tsarin Majalisar, wanda ke hayar taurarin kamfanoni, ya kuma tattara sadarwar a cibiyoyinsa na Brindisi a Italiya da Valencia a Sifen. Ƙasashen yankin kaɗan ne ke da tauraron sadarwa nasu. Najeriya ta harba NigComSat-1 a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011, duka daga ƙasar Sin. Mafi yawan sauran haya suke yi, ko su dogara da abokin ƙawance. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Inda yake da rauni

Na farko ruwan sama. Libreville na samun ruwan da ya kusa milimita 3,000 a shekara, ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu. Duk mai kallon talabijin ta faranti ya san yadda hoto ke ɗaukewa idan hadari ya haɗu. Haka ke faruwa da na'urar soja a manyan zanguna, shi ya sa ake riƙe UHF ko gajeren zango a matsayin madogara ta biyu.

Na biyu toshewa. Siginar da ta taso daga nisan kilomita dubu 36 tana isowa a raunane, don haka na'urar da ke watsa hayaniya a zango ɗaya na iya danne ta. Taurarin soja na kare kansu ta hanyar tsallen zango, wato sauya zango sau da yawa cikin daƙiƙa, da kuma eriyar da ke kau da kai daga inda hayaniyar ke fitowa.

Na uku bin sawu. Lambobin sirri na ɓoye abin da aka faɗa, ba sa ɓoye cewa an yi magana daga wuri kaza. A Afrilun 1996 Rasha ta kashe jagoran Checheniya, Dzhokhar Dudayev, da makami mai linzami yayin da yake magana ta wayar tauraro. Wayar Thuraya ma tana ɗauke da GPS, tana kuma sanar da cibiyarta inda take.

Na huɗu kutse. A ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa Yukren, wani hari ta kwamfuta ya kashe dubban na'urorin tsarin KA-SAT na kamfanin Viasat. Ɓarnar ta kai har Jamus, inda aka kasa sa ido daga nesa a kan injinan wutar iska kusan 5,800. Tarayyar Turai, Birtaniya da Amurka sun ɗora wa Rasha alhakin. A sama ma ba a tsira ba: a Satumban 2018 ministar tsaron Faransa ta lokacin, Florence Parly, ta zargi wani tauraron Rasha da matsowa kusa da Athena-Fidus, tauraron Faransa da Italiya, don satar sauraro.

Na biyar, wanda ya fi shafar ƙasashen da ke haya, shi ne ikon mai abu. A 2023 Elon Musk ya amsa cewa ya ƙi buɗe sabis ɗin Starlink a kusa da Sevastopol lokacin da Yukren ta nema a 2022 don kai farmaki. Rundunar da ke magana ta tauraron wani tana magana ne gwargwadon yardarsa.

Inda ya taɓa farar hula

Hukuma na iya kashe sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a wannan ɓangaren, saboda ita tana da wata hanyar magana. A Gabon an yanke intanet a ranar 7 ga Janairun 2019 lokacin yunƙurin juyin mulki, an sake yankewa a daren zaɓen 26 ga Agustan 2023, bai dawo ba sai ranar 30 ga wata da sojoji suka karɓi mulki. A Najeriya an rufe layukan waya a Borno, Yobe da Adamawa a Mayun 2013, aka kuma rufe na Zamfara a Satumban 2021, daga baya ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato. A kowane lokaci sojoji sun ci gaba da jin juna. Ɗan kasuwar Mont-Bouët da ke jiran kuɗi, ko Bahaushen Oyem, Bitam da Minvoul da ke neman labarin 'yan uwa a Kamaru, su ne suka zauna shiru.

Wannan ya sa wasu matafiya ke sayen wayar tauraro, kuma a nan ake bukatar hattara, domin ƙungiyoyin da ke ɗauke da makamai ma da ita suke aiki. A Yunin 2013 rundunar sojan Najeriya ta haramta amfani da Thuraya a jihar Borno. Starlink ya fara aiki bisa lasisi a Najeriya a Janairun 2023, a Nijar da Chadi kuma a 2025, amma a Afrilun 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin ƙwace na'urorinsa a kan iyaka. Abin da ya halatta a Kano yana iya zama laifi a Garoua.

Don haka wanda zai ƙetara iyaka da irin wannan na'ura ya fara tambayar hukumar sadarwar ƙasar da zai shiga: ARCEP a Gabon, Nijar da Chadi, ART a Kamaru, NCC a Najeriya. Ya riƙe rasiɗin saye da takardar izini, ya bayyana ta ga kwastan da kansa kafin a gano ta a cikin kaya, kuma kada ya karɓi saƙon na'urar da bai san mai ita ba. A yankin da ake farmakin soja, kada ya kunna ta sai da sanin hukumar wurin, domin na'urar da ke bin sawun sigina ba ta bambance ɗan kasuwa da ɗan bindiga.